Ƙungiyarmu na son zuwa kallon opera a waje: Alƙahira ko Verona, kuma da me ake farawa?

Magatakarda, Yamai

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni ke riƙe da takardun wata ƙungiyar karatu da al'adu a nan Yamai. Yawancinmu malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis, sai dattawa kaɗan da suka ajiye aiki. A zaman da ya wuce an tsai da shawara cewa fitar baɗi waje za a yi ta, a je a kalli opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa, a inda ake yinta ta gaske, a kuma zaga gari a buɗe ido. Mutum 18 suka rubuta suna, bakwai mata ne, huɗu kuma daga Tawa za su taso. Kwana bakwai ko takwas muke iya ɗauka.

Kan mutane ya rabu biyu. Wasu sun ce Alƙahira, tunda operar da ake kira Aida muke son gani kuma labarinta na Masar ne. Wasu sun ce Verona ta ƙasar Italiya, inda ake wasan a fili cikin tsohon ginin Rumawa. Roƙona ga waɗanda suka san hanyar: wanne ya fi dacewa da taro irin namu, kuma me ake fara biya, jirgi ko biza ko tikitin wasan? Kuɗin mutane ne a hannunmu, ba ma son a zuba su inda ba sa dawowa. Allah ya saka da alheri.

Hajiya Mai Tikiti, Yamai

Wa alaikumus salam Malam Magatakarda. Tambayarka ta biyu ta fi nauyi, da ita zan fara. Daren wasan shi ne turke, komai a jikinsa ake ɗaure shi. Kada ku ce za mu tafi a hutun kaza sannan ku shiga neman opera. Ku buɗe jadawalin gidan wasan, ku ga daren da ake yin Aida, sannan ku jera kwanakinku kewaye da shi. Ku sa ya faɗo a kwana na uku ko na huɗu. In kuka sa shi daren isowa, jirgi ɗaya ya makara ko ku rasa canji a Istanbul, tikiti 18 sun tafi a banza. In kuka sa shi daren ƙarshe, babu sauran wurin gyara idan an ɗage wasan.

Kafin a biya ko dala, ku tattara fasfo ɗin kowa a tebur ɗaya ku duba da idonku. Kowa zai ce maka nasa yana da rai, sai an buɗe a ga saura wata huɗu. Turai na son fasfon da zai ƙara wata uku bayan ranar fitowa daga can, da shafi biyu da ba a buga wa hatimi ba. Masar wata shida take so. Wanda nasa bai kai ba ya shiga layin sabuntawa tun yanzu.

Wajen biya kuwa, a fara da abin da asararsa ba ta da zafi. Tikitin opera ba a mayar da kuɗinsa, amma shi ne mafi ƙanƙanta cikin lissafin, kuma shi ke nuna wa ofishin jakadanci dalilin tafiyar, don haka shi ake fara saye. Sai otel, amma wanda ake iya sokewa kyauta har zuwa ƴan kwanaki kafin isowa, ko da ya ɗan fi tsada. Jirgi kuma ajiyar kujera za ku yi, ba yankan tikiti ba. Daga mutum goma kamfanonin jirgi ke ɗaukarku a matsayin tawaga: a ba da kafin alƙalami, a riƙe muku kujerun, sunaye su biyo baya. Ba lallai farashin tawaga ya fi araha ba, wani lokaci ma ya fi na intanet, abin da kuke saye shi ne lokaci da damar canza suna. Sai biza ta fito ake yanka tikiti.

Italiya bizar Schengen ce, wato bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai. Tun watan Yuni na 2024 kuɗinta euro 90 ne ga babba, wato sefa 59,036, jika 59 da ƴan canji, kuma ko an hana mutum ba a mayar masa. Ana iya ajiye dosiye tun saura wata shida, amsa takan ɗauki kwana 15, tana kuma iya kaiwa 45. Dole kowa ya yi inshorar lafiya da ta kai euro 30,000, dole kuma kowa ya je da ƙafarsa a ɗauki zanen yatsunsa. Hanyar da yawancin mutanenmu suka saba da ita ta toshe tunda aka rufe ofishin jakadancin Faransa a Janairun 2024. Saboda haka aikinku na farko shi ne ku rubuta wa ofishin jakadancin Italiya na nan Yamai, ku samu amsa a rubuce kan inda ake karɓar dosiyen yawon buɗe ido da yadda mutum 18 za su samu randebu. In amsar ta ce sai an je wata ƙasa, kuɗin wannan tafiyar ma ya shiga lissafi.

Kuma ku sani babu wani abu wai bizar ƙungiya. Kowane dosiye shi kaɗai ake duba shi, kuma abin da suke auna shi ne ko mutumin zai dawo. Takardar shaidar aiki, takardar hutu mai ranar komawa aiki, takardun albashi da na banki na wata uku, na fansho ga dattawa, takardar rajistar ƙungiyar, da wasiƙa ɗaya mai sunayen kowa da tsarin kwanakin. Abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne kuɗin da aka ranto aka jibga a asusu saura mako guda. Asusun da albashi ke shiga yana fita a hankali ya fi shi daraja nesa ba kusa ba. A jadawalin Italiya, tafiyar kwana 6 zuwa 10 ana neman aƙalla euro 44.93 a kowace rana ga mai tafiya shi kaɗai, 26.33 ga kowane mutum in tare ake. Wannan gindin ma'auni ne kawai, kada kowa ya tsaya a kansa.

Shi ya sa ni, in ta tawa ce, fitar farko ku yi Alƙahira. Ofishin jakadancin Masar yana nan Yamai, a nan za ku karɓi biza kafin tashi. Abin da ake mantawa shi ne katin rigakafin shawara: Masar na nemansa ga duk wanda ya fito daga ƙasa irin tamu, kuma allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana goma da yinta.

Jiragen Air France sun daina zuwa tun Agustan 2023. Turkish Airlines ta Istanbul, Royal Air Maroc ta Kazablanka, Ethiopian ta Addis Ababa, duka ukun suna sauka Alƙahira kuma suna sauka Milan. Ku yanki tikiti ɗaya daga Yamai har ƙarshe, kada ku haɗa kamfani biyu da kanku, kuma ku bar aƙalla awa uku wajen canji, don taro ba ya sauri.

Malamin Kiɗa, Yamai

Hajiya ta yi gaskiya kan takardu, ban da abin ƙarawa. Amma kan zaɓen gari ina da ja, kuma dalilina daga maganarta ya fito: ta ce daren wasan ne ake fara kafawa. To a nan Alƙahira ke da rauni.

Tarihi dai nata ne, babu musu. Khedive Isma'il, mai mulkin Masar a lokacin, ya gina gidan opera na farko a 1869, shekarar buɗe mashigin Suwez. Mutane da yawa na cewa a bikin ne aka yi Aida, ba haka ba ne, da wata opera mai suna Rigoletto aka buɗe gidan. Aida sai 24 ga Disamba 1871 aka fara nuna ta, don kayan ado da tufafin wasan sun maƙale a Paris lokacin yaƙin Faransa da Furushiya. Wancan gidan ya ƙone a 1971. Wanda ake zuwa yanzu a tsibirin Gezira ƙasar Japan ce ta gina shi kyauta, aka buɗe a 1988, babban zaurensa na ɗaukar mutum wajen 1,200. Sai dai sunansa gidan opera, amma yawancin dararensa na kiɗan Larabawa ne, da rawar bale, da kiɗan makaɗa zalla. Cikakkiyar opera darare kaɗan ce a shekara, kuma ba a sanin ranakun da wuri sosai. Kuna iya biyan jirgi ku isa ku tarar babu Aida a watan.

Verona akasin haka take. Bikinta na farawa tsakiyar Yuni ya kai farkon Satumba, ana fitar da jadawali kusan shekara guda kafin lokaci, kuma Aida na ciki kusan kowace shekara, darare da yawa. Da ita ma aka fara bikin a 1913, shekara ɗari da haihuwar Verdi, wanda ya tsara kiɗanta. Ginin kansa tun ƙarni na farko yake, yana ɗaukar fiye da mutum dubu goma. Kuma lokacin ya dace da babban hutun malaman makaranta.

Ga wanda bai taɓa gani ba, opera wasan kwaikwayo ne da ake rera kowace kalma a cikinsa, makaɗa na zaune a gaban dandali, mai jagora yana tsaye da sanda. Mawaƙin ba ya riƙe makirufo, da ƙirjinsa yake haye sautin makaɗa masu yawa, wannan shi ne gwanintar da ake zuwa gani. Aida da Italiyanci ake rera ta, kashi huɗu ce, kiɗan kansa wajen awa biyu da rabi, da hutu ya haura awa uku. A Verona ana farawa wajen ƙarfe 9 na dare, a tashi bayan sha biyu. Kafin a fara ana buga wani babban faifan ƙarfe sau uku, mutanen da ke kan matakala su kunna ƴan kyandirori, sannan wuri ya yi tsit.

Inda tafiya irin wannan ke lalacewa shi ne a kai mutane ba su san labarin ba. Fassarar da ake haskawa a allo a Verona da Italiyanci da Ingilishi take, mu kuwa Faransanci muka iya. Bayan awa ɗaya rabin tawagar na gyangyaɗi. Maganinsa zama biyu kafin tashi. A na farko a ba da labarin da Hausa: Aida ɗiyar sarkin Habasha ce da aka kamo baiwa, tana hidima ga Amneris ɗiyar Fir'auna, su biyun suna son Radames jagoran yaƙin Masar. Ya ci Habasha da yaƙi, cikin kamammun har da Amonasro uban Aida, uban ya matsa mata ta tatso sirrin hanyar sojoji daga bakin Radames, aka kama shi da cin amana aka yanke masa a rufe shi da rai, ita kuma ta riga shi shiga ramin. A na biyu a saurari manyan wuraren, a koya wa kunne bambanta muryoyin: Aida siririyar murya ta sama, Amneris mai kauri, Radames muryar namiji ta sama, uban a ƙasa da shi. A buga wa kowa takarda ɗaya mai taƙaicen kowane kashi.

A kuma faɗa wa mutane gaskiya kafin su zuba kuɗi: akwai wurin bautar allolin tsohuwar Masar a cikin wasan, akwai rawa, kuma shigar ƴan rawar ba irin tamu ba ce. Wanda ransa bai kwanta ba ya sani tun a gida.

Wurin zama iri uku ne. Kujerun ƙasa na gaban dandali sun haura euro 200. Akwai kujerun ƙarfe masu majingina a matakalan farko, sai matakalar dutse zalla a sama, wadda ke farawa wajen euro 30 zuwa 40. Dutsen yana shan rana wuni guda, da dare yana mayar da zafin, kuma babu majingina, sai an yi hayar matashi ko an saya a bakin ƙofa. Dattawa da masu ciwon baya ko gwiwa a saya musu masu majingina, kada a yi tsimi a nan. Kuma ku zaɓi ɓangaren da ke fuskantar dandali ko da ya fi nisa. Na gefe sun fi kusa, amma a kashi na biyu, inda rundunar ke shigowa da kakaki, rabin abin kawai za ku gani.

Sai ruwan sama. Da ɗigon farko makaɗa ke tashi, don gogensu na katako ne. Ana iya jinkirta farawa har wajen awa biyu da rabi. In an soke kafin a fara, ana mayar da kuɗi. In an fara sannan ruwa ya tsayar, ba a mayarwa. Ku duba ko akwai wani daren Aida ko wata opera cikin kwanakinku, ku ajiye kuɗinta a gefe. Ba a liƙi, ba a guɗa, ba a ɗaukar bidiyo, ba a tashi tsakiyar waƙa. Tafi sai mawaƙi ya dire. Wanda ya makara kuma sai an yi hutu yake shiga wurinsa.

Magatakarda, Yamai

Hajiya, Malam, Allah ya ƙara sani. Na karanta wa shugabanmu, abu biyu ya ce in tambaya. Dattawanmu ba sa sa kwat, shin babbar riga da hula na shiga? Sannan wasan da ke farawa ƙarfe tara, yaya ake yi da Magariba da Isha'i a can?

Ɗan Adar, Tawa

Sannunku da ƙoƙari. Malam Magatakarda, tambayar shugabanku ita ce za ta zaɓa muku wata. A Verona, ƙarshen Yuni da hwarkon Yuli rana ba ta hwaɗuwa sai bayan ƙarhe tara, daidai lokacin da ake hwara wasa, kuma an riga an shiga an zamna. A ƙarshen Agusta kuwa tana hwaɗuwa wajen takwas da ƴan mintoci. Ke nan ana iya yin Magariba a otel in yana kusa, a taka a shiga cikin lokaci, Isha'i a yi ta bayan an dawo. Don haka ku nemi dare a cikin kwana goman ƙarshe na Agusta. Ku kauce ma 15 ga wata, babban hutunsu ne, shaguna a ruhe, otel da tsada. Zancen ƙasaru kuma, a mazhabarmu wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ɗaya ya hita daga hukuncin matahiyi, to ku kai ma malaminku tsarin kwanakin shi duba kahin ku tashi.

Tuhwahi, a Verona ba a hana kaftani ko babbar riga. Abin da ba su so a kujerun ƙasa shi ne gajeren wando da singileti. Mata dai su rage tsawon ɗauri don na baya shi gani, kowa kuma shi riƙe mayahi ko ƴar riga, bayan sha biyun dare iska na sanyi. Ba a shiga da kwalba ko babbar jaka. Alƙahira ta hi tsanani: babban zaure kwat da karabat suke nema ga maza. Ku rubuta musu ku tambaya kan kayan gargajiya, ku buga amsar ku riƙe a hannu, don mai tsaron ƙohwa ba shi ne ya amsa wasiƙar ba. Duk da haka kowane namiji shi sa kwat guda a akwati.

Yawon gari shi ne inda anka hi gajiyar da mutane. Abu babba ɗaya da sahe, ƙarami ɗaya da marece, ranar wasa kuma babu hita bayan Azahar, kowa shi kwanta.

In Alƙahira ce, daga Nuwamba zuwa Maris za a je, a kuma duba azumi, don a shekarun ga cikin Fabrairu da Maris yake hwaɗowa. Dalar Giza da sassahe, kahin rana da cunkoso. Shiga cikin babbar dalar tikiti ne daban, hanyar matsattsa ce, a duƙe ake hawa, babu iska. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa shi tsaya waje, bai rasa komi ba. Masu raƙuma da dawaki a gama ciniki da su kahin a hau, a hwaɗi kuɗin, da irin kuɗin, da cewa har da saukowa. Sabon babban gidan tarihin da anka buɗe a Nuwamban 2025 yana nan kusa da dalar, kayan Fir'auna Tutankhamun duka suna ciki, amma ku ba shi rana tashi daban, ya hi ƙarhin rabin wuni. Gawawwakin sarakuna 22 da anka ɗauke a 2021 suna gidan tarihin Fustat, kusa da masallacin Amr ibn al-As, ana haɗa su rana ɗaya. Azhar, wanda anka gina tun 970, da masallacin Husaini da kasuwar Khan el-Khalili wuri ɗaya suke; ku sa su ranar Juma'a, ku isa da wuri. Ganuwar Salahuddin da masallacin Ibn Tulun su ma rana guda.

Ku ɗauki kar guda da direba da ɗan jagora mai lasisi wanda ya iya Faransanci, ku rubuta a yarjejeniya cewa babu tsayawa shagon turare ko na takardar papirus sai kun nema. Kamasho suke samu, kuma awa biyu na tahiya a nan. Otel ku neme shi a Zamalek ko Dokki ko tsakiyar gari. Jirgin ƙasa na cikin gari na da tasha mai suna Opera a layi na biyu, a bakin gidan wasan, da taragon mata daban.

Verona kuwa ƙaramin gari ne, da ƙahwa ake cinye shi cikin kwana biyu: dandalin Erbe, hasumiyar Lamberti mai mita 84 wadda ke da na'urar hawa, Castelvecchio da gadarta, sai a haye kogin Adige ta Ponte Pietra a hau tudun San Pietro a ga garin duka. Gidan da ake ce ma na Juliet, ta labarin Romeo da Juliet, cunkoso ne kawai, barandar ma a ƙarni na 20 anka liƙa ta. Gidajen tarihi da yawa ba su buɗewa Litinin. Daga Milan jirgin ƙasa mai sauri awa ɗaya da kwata ne, Venis ma kusan haka, ana zuwa a dawo a wuni. Tikitin takarda na ƙaramin jirgi sai an buga shi a na'ura kahin a shiga, in ba haka ba tara ce. Otel dole shi kasance inda ake takawa daga dandalin Bra, inda ginin wasan yake, don lokacin da za ku hito jiragen ƙasa sun ƙare.

Abinci, naman alade na ɓoye cikin sunaye da yawa: prosciutto, pancetta, guanciale, salame, strutto. Shinkahwar da garin ke alhwahari da ita, risotto all'Amarone, da giya ake dahwa ta, tiramisu ma sau da yawa da ita. A rubuta ma kowa a ƴar takarda: senza maiale, senza alcol, wato ban da alade, ban da giya. Kihi, taliya da tumatir, da pizza margherita sun wadatar.

Mutanenmu huɗu na Tawa kuma, hanya ta kai kilomita 550 ta Konni da Dogon Dutsi da Doso. Su iso Yamai saura kwana biyu, kuma a lissahwa musu zuwa biyu, na ɗaukar yatsu da na tashi.

Tsohon Ma'aji, Yamai

Ƙanena Magatakarda, duk garin da kuka zaɓa, a rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu kafin zubin farko. Abu uku take faɗa: abin da ke dawowa ga wanda aka hana biza, abin da ke dawowa ga wanda ya fasa don kansa, da wanda zai cike giɓin in tawagar ta ragu. Na ukun ne ke raba zumunci. Kuɗin kar da na ɗan jagora ba sa raguwa don mutum uku sun fita, sai dai su hau kan sauran. Wanda abokin ɗakinsa bai samu biza ba zai koma ɗaki shi kaɗai, otel kuma zai caje shi ƙari. Ku yi lissafin a kan mutum 14, ba 18 ba, ku ɗora kashi goma cikin ɗari na ko-ta-kwana. In an samu rara a raba bayan an dawo.

Kuɗin su zauna a asusun ƙungiya mai sa hannu biyu, zubi uku: na farko ya ɗauki tikitin wasa da inshora da biza, na biyu kafin alƙalamin jirgi, na uku sai biza ta fito.

Sefa ba ta canzuwa a Masar ko Italiya, euro za ku riƙe. Sauƙinmu shi ne farashinta a tsaye yake, 655.957, lissafin Verona ba zai motsa ba tsakanin yau da ranar tashi. Fam ɗin Masar kuwa tun Maris 2024 aka sake shi yana yawo, don haka duk farashin da aka ba ku a can ku nemi a rubuta shi da euro ko dalar Amurka.

Kada ma'aji ya ɗauki kuɗin kowa a jakarsa. Mai shiga Turai da euro 10,000 ko fiye, wato sefa miliyan shida da rabi da ɗoriya, dole ya bayyana wa kwastan, in bai yi ba ana iya riƙe kuɗin a ci shi tara. Masar ma tana da irin wannan iyaka a dalar Amurka 10,000. A raba wa mutum uku ko huɗu. Kuma a samu katin banki biyu na Visa ko Mastercard a hannun mutum biyu daban, a je banki a buɗe su don waje, a ɗaga iyakar abin da suke biya a rana. Katin da aka saba cire albashi da shi yakan tsaya a biya na biyu. Wannan ba ado ba ne, a Giza da manyan gidajen tarihin Masar da kati ake sayen tikiti, ba sa karɓar tsaba.

Ƙananan abubuwan da ba sa cikin farashin ajans: harajin kwana da otel ɗin Italiya ke karɓa a kan kowane mutum kowane dare, kuɗin zama a tebur da suke kira coperto, kuɗin shiga Venis na euro 5 zuwa 10 a wasu ranaku, da bakshish a Masar, wanda ya kamata ya fito daga jaka ɗaya ta hannun mutum ɗaya.

Magana ta ƙarshe mai ɗaci ce. Da an ji kuna neman bizar Turai, za a zo muku da ɗan wane da ƙanen wane, a ce a sa sunansa zai biya ninki. Kada ku karɓi wanda ba ɗan ƙungiya ba ne na shekaru. Mutum ɗaya ya sulale a tashar Milan, sunan ƙungiyar da na kowane ɗayanku ya ɓaci a wurin neman biza na gaba.

Hajiya Mai Tikiti, Yamai

Baba Ma'aji ya faɗi wadda nake jin nauyin faɗa. Malamin Kiɗa kuma na karɓi hujjarsa rabi. Ga yadda za a haɗa: ku aika wasiƙa biyu a mako ɗaya, ɗaya ga ofishin jakadancin Italiya kan randebu, ɗaya ga gidan opera na Alƙahira kan ranakun Aida. Ku ba kanku wa'adi zuwa ƙarshen Fabrairu. In har lokacin ba ku da hanyar randebu a hannu, Agusta ta kuɓuce, ku juya Alƙahira a sanyin da ke biye, ku ɗauki duk cikakkiyar operar da ke jadawali.

In Italiya ce, ku sani tun Oktoban 2025 ana ɗaukar hoto da yatsu a bakin iyaka, layin ya ƙara tsawo, kada ku sayi tikitin jirgin ƙasa mai tashi ƙasa da awa huɗu bayan saukarku. Kowa ya riƙe kwafin otel, inshora, tikitin dawowa da na wasan a jakar hannu, don biza ba ta hana ɗan sandan iyaka tambaya.

Jirage da yawa daga filin Diori Hamani tsakar dare suke tashi. Tikitin da ya ce Talata ƙarfe 2 na dare, Litinin da dare ake zuwa fili. Ku rubuta wa mutanenku ranar zuwa fili, ba ranar tikiti ba. Sunaye kuma kada Magatakarda ya ɗauko su daga rajistar ƙungiya. Mahamadou, Mamadou da Mohamed a wurin na'ura mutum uku ne. A kwafe kowane suna daga layi biyun da ke ƙasan shafin hoto na fasfo, harafi bayan harafi, mutum na biyu ya sake dubawa kafin a aika wa kamfanin jirgi, don gyaran suna bayan an yanka tikiti kuɗi ne, wani kamfanin ma sai an sayi sabo.